Robobin Yajin Jegon Kulu

Sharada, Kano,
Lahadi, 22 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana, Malam Abdulbaqi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, Yaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta riske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Anti Fanna da 'ya'yana Sadiq da Zulaihat. Yaya aikin koyarwa, yaya ɗalibai, yaya kuma zaman wannan ƙauye naku na bayan Nguru da kullum kake cewa za ka baro, har yau ba ka baro ba? Allah Ya ƙara maka lafiya da haƙuri, Ya albarkaci zuri'a, Ya sa ka gama da aikin nan lafiya. Mu ma nan mun gode Allah. Inna tana nan, ƙafar ce dai take tashi in an yi ruwa, amma bakin nan nata ƙalau yake. Geron gonar Baba, Allah Ya jiƙansa, ya yi kyau bana, har an fara yanka. Jaririn ƙanwarmu Kulu ya shiga wata na huɗu, ya yi ɓul-ɓul, kamar an tsaga kara da mahaifinsa marigayi Kamilu. Iyakar labarin daɗin da nake da shi ke nan, saura kuma sai ka gyara zama.

Ka san ni, ba a raba ni da magana, Inna ma cewa take tun ina goye nake gardama. To wallahi sau huɗu ina danna lambarka ina kashewa kafin ta shiga. Abin da bakina ya kasa ne na ɗora wa biro, zan ba direban motar Nguru ya miƙa maka. Maganar Aina'u ce, babbar 'yar Kulu, wadda aka kawo mini yaye tana shekara biyu na riƙe ta har ta kai bakwai, wadda take kira na Umma, ta kira uwar da ta haife ta Anti. Yanzu shekararta goma sha ɗaya. So nake ka zo ka ɗauke ta ka tafi da ita wurinka, tun ba mu rasa ta tana raye ba. Amma ba zan roƙe ka wannan ba sai na gaya maka komai, kuma komai ɗin daga kaina ya fara.

Yaya, ina ɗauke da cutar ƙanjamau. Shekara shida ke nan. Ga shi na rubuta. Lokacin da mijina Nura ya kwanta ciwon ajali, shekarar da ya bar tuƙin babbar mota a Bompai, aka gwada shi aka gwada ni, aka ce mu duka biyu ne. Shi ya makara, ni kuwa da sauran shan ruwana. Tun daga ranar ƙwaya ɗaya nake sha kullum da safe, kuma ai ka gan ni da idonka da Babbar Sallah, wa zai ce ina da ko mura? Buhunan roba nake ɗagawa a kamfani daga bakwai na safe zuwa biyar, 'yan mata suna haki ina yi musu tsiya. Ban gaya wa kowa ba, ko Inna. Abu ɗaya ne ya dame ni, robobin da maganin yake zuwa a ciki, farare ne gajeru masu ƙwari. Gidan hayarmu ɗaki goma sha ɗaya ne, bola ɗaya, kuma matan gidan ko ɓawon ƙwai ka zubar sai sun binciko wa ya ci. Na san za ka ce ba a kamfanin niƙa tsohuwar roba kike aiki ba, ki jefa su a inji mana. Na yi wannan tunanin, amma masu gadi zazzage jakar kowa suke yi a ƙofar kamfani, shiga da fita, a gaban jama'a. Haka na riƙa tara su a buhu a ƙarƙashin gado, shekara da shekaru.

Sai ga haihuwar Kulu a watan Yuli. Ka tuna yadda Kamilu ya rasu, ciwon ƙirji bayan shekara goma sha huɗu yana shaƙar sinadarin jima a kamfanin fata a Challawa, ya rame ya zama ƙashi da rai, ya bar ta da ciki wata huɗu. Tun a lokacin akwai masu ƙus-ƙus a ƙauyenmu wai ramar nan ba ta lafiya ba ce. Da aka zo suna, danginsa ko tsinke ba su ɗaga ba. Ni kuwa na rantse ƙanwata ba za ta yi jegon marasa gata ba. Na haɗo barkono, citta, kanumfari, masoro, kimba da daddawa, kwana biyu muna daka har tafin hannuna ya yi kanta. Ka san al'adar garinmu, yajin jego sai an kai kowane gida, kuma da shi ake auna gatan mai jego. Kowa a leda yake ƙullawa, ga damina, kwana uku ya dunƙule. Nan son a yaba ya tuna mini da buhuna. Na jiƙa robobin a ruwan zafi da sabulu, na kankare takardun jikinsu da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, na shanya, na cika su da yaji, guda arba'in da uku. Na ce a raina farar roba ai farar roba ce, wa zai san asalinta a ƙauyen da ko kemis babu?

Kai, Yaya, na sha yabo! Mata suka riƙa cewa yajin Kulu na 'yan birni ne. Murfin ma ya fi ba su sha'awa, domin ba ya buɗuwa sai an danna shi ƙasa sannan a murɗa. Tsofaffi suka kasa, yara suka gano kansa, ya zama in za a ci tuwo sai an ƙwala wa yaro kira ya zo ya buɗe yaji. Kusan wata uku gari yana ci, ni kuma ina Sharada ina hura hanci.

Ranar Laraba, kusan mako uku ke nan, wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Malama Lidiya ta je firamaren ƙauyenmu. 'Yar kudancin Kaduna ce, mijinta yana aiki a Bompai, ita kuma aikinta bin makarantun ƙauyuka tana koya wa yara kada su ƙyamaci masu cutar nan. Wallahi da alheri ta je, ita ce ma ta ba ni labarin daga baya tana kuka. Ta ce ta shiga aji biyar, ajin su Aina'u, ta gaya musu ba a ɗaukar cutar ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko cizon sauro. Ta ce musu mai ita mutum ne kamar kowa, kuma akwai maganin da in yana sha zai yi aiki ya tsufa lafiya. Don su gani da ido sai ta ciro robar maganin daga jaka, wadda babu komai ciki, ta ɗaga sama, ta ce za ta nuna musu yadda ake buɗewa. Kafin ta rufe baki aji ya kaure da dariya, kowa na ɗaga hannu yana cewa shi ma ya iya, a danna a murɗa, akwai irinta a gidansu. Ta tambaye su ina suka samu. Yara kusan sittin suka juya suka kalli Aina'u. Malama Lidiya ta ce nan take ta shiga maimaita musu cewa roba ba ta ɗaukar cuta, sai ga ƙararrawa an tashi tara. Duk abin da ta koyar ya zube a ajin. Abu ɗaya suka fita da shi, wai gidan su Aina'u ne gidan ƙanjamau, kuma sun ciyar da gari.

A bakin rijiyar makaranta suka tare Aina'u. Da waƙa suka fara suna tafi, sai wani ya jefa mata hoge, sai dutse ya biyo baya. Ƙawayenta da suke tsallen igiya tare su suka fizge mata hijabi, suka ja ta a ƙasa, wata ta cika mata baki da yashi. Dutse ya fasa mata goshi daga gira har cikin gashi, ana ganin fari. Haƙorinta ɗaya na gaba ya karye. Malamai suna ofis suna karyawa, Malama Lidiya ce ta rugo ta faɗa kanta ta rufe ta da jikinta, ita ma aka fasa mata ƙeya, da ƙyar ta ciccibe ta zuwa ofishin hedimasta. Su kuwa yaran suka bazama gida da labari, kowa yana ƙara nasa gishirin. Kafin azahar magana ta zama wai Kulu jininta ta ɗiga a yajin don kada ta mutu ita kaɗai.

Kulu tana tsakar gida tana ba yaro nono, ba ta san wainar da ake toyawa ba, sai ta ji robobi suna faɗowa ta saman katanga. Mata suka ɓalle ƙyaure suka shigo, matan da suka zo mata barka suka sha kunun kanwarta. Wata ta buɗe roba ta watsa mata yajin a fuska, ya shiga idonta da na jaririn. Ana cikin haka sai ga Ɗan'auta, ƙanin Kamilu. An buga masa waya ya baro aiki a Challawa, ko dogon takalmin robar aiki bai cire ba. Ya ce dama ya sani, ita ta kashe masa ɗan'uwa. Da wannan takalmin ya yi ta ƙwallo da ita, tana duƙe a kan yaron tana kare shi, har haƙarƙarinta biyu suka tsage. Samari suka fito da katifarta da turmi da taɓarya da kwanukanta suka cinna musu wuta a ƙofar gida. Inna ta taho da sandarta tana haɗa su da girman Allah, wani ɗan banza ya ture ta ta faɗa kwata. Tsohuwa mai shekara saba'in fa, Yaya. Duk lokacin da na tuna sai in ji kamar in haɗiyi zuciya.

Ina kan layi ina tsince roba aka kira ni. Ko izinin oga ban nema ba, na tari adaidaita sahu, na isa da la'asar hayaƙi bai mutu ba. Na tarar da maza cike a ƙofar mai unguwa ana shawarar a kori Kulu daga gari kafin magariba. Na kutsa tsakiyarsu ɗankwalina a hannu, na zage su tas, ban bar babba ba ban bar yaro ba. Sannan na shirga ƙarya. Na ce robobin nan ni na kawo su, daga tarin tsohuwar robar kamfaninmu na tsinto, kowa ya san aikina, ban san na mene ne ba. Na ce in sun isa a kai Kulu asibiti a gwada ta. Ƙaryar ta zauna daram, domin ta yi kama da gaskiya. Washegari aka gwada Kulu da Aina'u, babu komai, Kulu ta yarda aka karanta takardar a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Sai ga gari ya juye. Masu kawo koko, masu kawo ƙwai, masu cewa sharrin shaiɗan ne. Ɗan'auta ya aiko da sabuwar katifa, bai dai iya zuwa da ƙafarsa ba. Kowa bakinsa ɗaya, wai an zalunci baiwar Allah a banza tunda ba ta da shi. Ni ma na yi ajiyar zuciya na ce na tsira.

Kwana biyar Aina'u ta yi a asibiti, ɗinki goma sha ɗaya, ni na yi jinyarta. Ranar da za a sallame mu ina ba ta kunu da cokali, don leɓenta a kumbure yake, na tambaye ta ko tana jin haushin ƙawayenta. Ta ce a'a, ai kuskure suka yi, sun zaci su ne masu cutar. Ta ce da gaskiya ne ai ba su yi laifi ba, ita ma da wata ce da ta jefa. Ta ce masu cutar nan mugaye ne, su suka zubar da robobinsu a bola suka ja mata wannan, kuma duk ranar da ta ga ɗaya sai ta rama. Tana faɗa tana buɗe baki ina zuba mata kunu. Innalillahi! Yarinyar da ta kwana a jikina, ta ci a kwanona, kuma shekara biyun ƙarshe na riƙon nan ina ɗauke da cutar. Nan na gane ƙaryata ta ceci Kulu, amma ta koya wa yaran gari, har da tawa, cewa jifan daidai ne, mutumin kawai aka kuskure. Na ajiye kofin na ce mata zan je in ɗebo ruwa, na fita baranda na yi kuka na more.

A barandar Malama Lidiya ta same ni, ta zo dubiya da bandeji a kanta. Muna haɗa ido na san ta gane ni, ta sha ganina a layin karɓar magani. Ko a fuska ba ta nuna ba, Allah Ya saka mata da alheri. Ta gaya mini an dakatar da darasinta, hedimasta ya ba ta minti goma wajen taron safe na Litinin ta sama ta ba iyaye da yara haƙuri, shi ke nan. Na ce da ni za a je. Ta ce babu wanda ya tilasta mini, kuma ita ba za ta iya kare ni ba, ta ga abin da garin zai iya aikatawa. Na ce na fi ta sani, ai garinmu ne. Kada ka ɗauka jarumta ce, Yaya. Kafin Litinin ɗin na fasa ya fi sau goma don tsoro. Maganar yarinyar nan ce ta hana ni sukuni.

Litinin ɗin da ta wuce muka je, ranar ce kuma Aina'u ta fara komawa makaranta. Yara sun yi layi a fili, iyaye suna gindin darbejiya, har da Ɗan'auta da abokansa da suka taso daga aikin dare. Malama Lidiya ta ba da haƙuri ta matsa gefe, ni na tsaya. Na ce su dube ni da kyau, ni ce Badi'a 'yar Malam Ashafa, a filin nan na yi aji ɗaya zuwa shida. Na ce robobin nan ba daga bola suka fito ba, nawa ne, ni na shanye abin da ke cikinsu. Na ce kusan wata uku suna cin yajin da na daka da hannuna, su nuna mini wanda ya kwanta. Na ce da yawansu na goya su, na yi wa iyayensu kitso, na ci a kwanonsu, kuma Aina'u da ta tashi a ɗakina an gwada ta sun ji sakamako da kunnensu. Na gaya wa yaran abin da suka yi mata zalunci ne ko da a ce tana da cutar, domin mara lafiya magani ake ba shi ba dutse ba. Na ga wata yarinya a layin gaba tana hawaye, na ga wasu mata sun sunkuyar da kai. Na ɗauka magana ta shiga, kuma har yanzu ina jin ta shiga wasu.

Ɗan'auta ne ya fara. Ya ce ashe da sani na yi, na sa shi ya daki matar ɗan'uwansa, na sa ya ji kunya a gari, yanzu kuma na zo ina yi musu wa'azi. Ya tsinka mini mari na faɗi, abokansa suka rufe ni da duka, wani da ƙafa, wani da bel, wani da reshen darbejiya. Hedimasta da mai unguwa suna ta ihu babu mai saurarensu. Layin yara ya watse suka kewaye mu, sai na ga wasunsu suna duƙawa suna tsintar duwatsu kamar wancan karon. Na yunƙura na durƙusa ina neman Aina'u da ido, tsorona kada a sake komawa kanta. Na hango ta kusa, taku biyar tsakaninmu, bandejinta fari a goshi. Yara sun sa ta tsakiya suna nuna ta, suna cewa ai uwarta ce, a ɗakinta ta tashi, ita ma a haɗa da ita. Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ni ba ta kalle ni ba. Sai ta duƙa ta ɗauki dutse, ta runtse ido, ta jefo da dukkan ƙarfinta. Ina kallonsa tun daga hannunta, Yaya, har ya same ni a idon hagu.

Ban san yadda aka fitar da ni ba. An ce Malama Lidiya da wasu mata uku, cikinsu har da wadda ta watsa wa Kulu yaji, su suka yi mini katanga da jikinsu har aka samo mota. Likita ya ce idon ya tafi, ba zai dawo ba. Ɗan'auta ya gudu, ana nemansa. Labari ya riga ni isa Sharada, ka san mota ɗaya ke kwaso ma'aikatan Challawa da namu. Oga ya aiko wai in huta sai an neme ni, matan gidan haya kuma sun ware mini bokiti da igiyar shanya. Oho dai, wannan bai dame ni ba, ina da ido ɗaya da hannu biyu da bakin nan da ka sani. Inna ta zo ta zauna a bakin gadona, ta yi mini faɗan ɓoye mata kamar za ta ari baki, da ta gama ta jawo kwanona muka ci tuwo tare. Kulu ba ta ce mini komai a kan haƙarƙarinta ba, ni ce na roƙe ta gafara, domin wautata ce ta ja mata.

Aina'u ce damuwata. Tun ranar ba ta furta kalma ko ɗaya ba. Ba boko, ba islamiyya, tana zaune a bayan ƙyaure da hannunta na dama cuse a hammata, kwana uku ko ruwa sai an ɗura mata. Ranar Alhamis Kulu ta taho da ita asibiti, yarinyar ta toge a bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Kulu ba ta wurin ranar da abin ya faru, ba ta san komai ba, sai ta tambaye ni ko na ga wanda ya jefe ni a ido don a faɗa wa hukuma. Na ɗaga murya yadda za a ji daga ƙofa. Na ce tun marin farko na rufe fuskata ban ga kowa ba, kuma dutsen daga can bayan mutane ya zo, jifan ƙaton namiji ne, yaro ba shi da wannan ƙarfin. Kulu ta ce da suka koma gida yarinyar ta sha koko rabin kofi.

Shi ya sa nake roƙonka, Yaya, ka zo ka ɗauke ta. A garin nan ba ta da wurin tsayawa, in ta bi yara zuciyarta ta ci ta, in ta biyo ni ta sha dutse, kuma duka-duka nawa take? Kulu ta amince, Inna ma ta amince. Ka sa ta a ajinka, Anti Fanna ta haɗa ta da Zulaihat, ko Allah zai sa bakinta ya buɗe. Na ji an ce ku ma ana turo muku irin wannan darasi. Don Allah kada ka ƙi koyarwa saboda abin da ya same mu, amma ka fara da iyaye, a ƙofar masallaci da gidajen suna, kafin ka zo kan yara, kuma kada ka bari ƙararrawa ta fitar da yaro daga aji da rabin magana. In ka rasa misalin da za ka ba su, ka ce kana da ƙanwa, na yarda ka faɗi sunana. Ita kuwa Aina'u ka bi ta a hankali, kada ka yi mata wa'azi, ta ji isasshe daga bakina.

Ka gaishe mini da Anti Fanna sosai, ka ce ta yi haƙuri da nauyin da na ɗora mata. Ka gaishe da Sadiq da Zulaihat, da Gwaggo Dije ta Gashuwa in kun haɗu, da duk abokan arziki. Inna tana sa maka albarka, Kulu tana gaishe ku. In ka zo ka biyo ta Sharada ka gan ni in ranka ya so, in kuma bai so ba tukuna, wallahi ba zan riƙe ka ba. Alfarma ɗaya ce ba zan yafe ba in ka saɓa. Daga ni sai kai sai Allah muka san na ga hannun da ya jefa dutsen nan. Ko ta girma, ko bayan raina ne ta zo ta tambaye ka, ka ce mata Ummanta ba ta ga kowa ba.

Allah Ya sada mu da alheri, wassalam.

Ƙanwarka,
Badi'a Ashafa.